Windows 10 ta daina samun facin tsaro: a ajiye kwamfutar ne ko a ci gaba da ita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin kwamfuta a cikinmu. Laftof ɗina tun 2016 nake aiki da ita, a kanta nake duk rubuce-rubucena da lissafin sana'ata, kuma har yau ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. To kwanakin nan da na kunna ta sai wani saƙo ya cika fuskar, wai an daina tallafa wa Windows 10. Na danna inda aka ce a koma Windows 11, ta ce wannan kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba. Me ake nufi ne? Wata rana za ta ƙi tashi ne, ko yaya? Gaskiya ba ni da shirin sayen sabuwa yanzu.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba za ta ƙi tashi ba. Za ta kunnu, fayilolinki suna nan, manhajojinki za su buɗe kamar jiya. Abin da ya tsaya daban ne. Windows 10 ta fito a Yulin 2015, kuma kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar da zai daina kula da ita. Kafin wannan rana, duk Talata ta biyu a wata yana aiko da faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar da aka gano a cikin manhajar. Wannan facin ne aka daina aikowa. Ɓaraka kuwa ba za a daina gano ta ba, mai toshewa ne ya tafi.

Ga inda abin ya fi damuna. Windows 10 da 11 sun haɗa abubuwa da yawa a cikinsu, kusan uwa ɗaya ce ta haife su. Duk watan da aka fitar da facin Windows 11, masu kutse sukan zauna su kwatanta abin da aka gyara da yadda yake a da, su gane inda tsagewar take. Daga nan sai su juya kan Windows 10, su duba ko tsagewar tana can. Sau da yawa tana nan, kuma ba wanda zai zo ya toshe. Shi ya sa haɗarin ba ranar farko yake zuwa ba, taruwa yake yi wata bayan wata.

Malam Habu: Injiniya, da girmamawa, ni wannan magana na sha jinta. Haka aka tsorata mu lokacin da aka daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Tawa tana nan a kan tebur da Windows 7 ɗinta, ina buga takarduna lafiya lau. Ina da manhajar kashe bairos, ba na shiga shafukan banza, ba na buɗe saƙon wanda ban sani ba. Hajiya, ki bar kaza cikin gashinta.

Injiniya Kabiru: Malam, na yarda hankalinka yana kare ka daga abubuwa da yawa, kuma ba ƙaramin kariya ba ne. Amma akwai harin da ba ya jiran ka danna komai. Ka tuna WannaCry? Ranar 12 ga Mayun 2017 ta ɓarke, cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana kulle fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke dubban ganin likita da tiyata saboda ita. Ba ta buƙatar a buɗe imel. Ta wata tsohuwar hanyar musayar fayil tsakanin kwamfutoci take bi, mai suna SMB, ta tsallaka daga wannan zuwa waccan da kanta.

Abin takaicin shi ne, facin wannan ɓaraka ya fito tun 14 ga Maris, wata biyu kafin harin. Wanda ya sa facin bai ji komai ba. Kuma mafi yawan waɗanda ta kama Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Malam. Manhajar kashe bairos maigadi ce a bakin ƙofa, ba ita ke yaɓe bangon ba.

Malam Habu: To ai sabuntawar ma takan jawo masifa. Ba a Yulin 2024 ba ne kwamfutoci suka tsaya cak a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna suka rikice? Sabuntawa ce ta yi wannan, ba masu kutse ba.

Nafisa: Baba Habu, ka ba ni dama in ɗan gyara. Abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024 gaskiya ne, amma ba facin Windows ba ne. Sabuntawa ce daga CrowdStrike, wani kamfanin tsaro da manyan ma'aikatu ke amfani da manhajarsa, kuma Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Kwamfutar gida irin ta Anti ba ta ma da wannan manhaja. Sannan waɗancan kwamfutocin an tashe su, fayilolinsu na nan ba wanda ya ɗauka. Wanda aka kulle wa fayil ko aka kwashe masa kalmomin sirri, shi ba ya da wannan sauƙin.

Akwai kuma abin da nake so ka duba a taka. Chrome ya daina sabuntuwa a Windows 7 tun farkon 2023, ya tsaya a lamba 109. In da shi kake shiga intanet, to ƙofa biyu ce a buɗe, ba ɗaya ba.

Malam Habu: Wannan na Chrome ban sani ba, 'yata. Na dai ga wasu shafukan suna ƙin buɗewa daidai, na ɗauka laifin sabis ne.

Maman Ilham: Na gode muku. Na fahimci haɗarin yanzu, don ni a kanta nake shiga asusun banki da imel. To me ya sa ta ƙi karɓar Windows 11? Ba ta da nauyi fa, tana gudu sosai.

Injiniya Kabiru: Ba gudu ake dubawa ba Hajiya. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa: Ram aƙalla gig 4, wurin ajiya gig 64, da abubuwa biyu da suka fi kayar da mutane. Na farko TPM 2.0, wani ɗan sashe ne da ke ɓoye makullan sirrin kwamfuta inda manhaja ba za ta iya ɗaukowa cikin sauƙi ba. Na biyu shekarun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A ɓangaren Intel gabaɗaya daga zubi na 8 zuwa sama ake karɓa, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000.

Kafin ki yanke ƙauna, ki sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, za ta faɗa miki takamaimai wanne sharaɗi ne ya gaza. Ina faɗar haka ne don kwamfutoci da yawa suna da TPM amma a kashe yake a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. A na Intel sunansa PTT, a na AMD fTPM. Na ga mutanen da suka kusa sayen sabuwa, ashe kunnawa kawai ake buƙata.

Maman Ilham: Na duba. TPM ɗin ta ce yana nan. Furosesa ce ta sa wa jan alama, an rubuta i5-6200U.

Injiniya Kabiru: To shi ke nan. Lambar farko bayan layin, wato 6, ita ce zubin. Taki zubi na 6 ce, ta hanyar da kamfani ya amince ba za ta hau ba. Amma akwai rangwamen shekara ɗaya, kuma shi nake ba ki shawara ki fara kamawa yau. Sunansa ESU. Wanda ya yi rajista zai ci gaba da samun facin tsaro har 13 ga Oktoban 2026. Ki tabbata Windows ɗinki zubin 22H2 ce, ki sa duk sabuntawar da ta rage, sai ki shiga Settings, ki je Windows Update, za ki ga wurin rajista. Hanya uku ce: ki yarda a riƙa ajiye saitinki a asusunki na Microsoft, ko ki biya da makin Microsoft Rewards 1,000, ko ki biya kuɗi sau ɗaya. Ta farkon ba a biyan komai. Dole dai sai da asusun Microsoft.

Ki sani facin tsaro ne kaɗai, ba sabon abu da za a ƙara. Lokaci ne kike saya don ki yi shiri a natse.

Sadiq: Yaya Kabiru, me ya sa ba ka faɗa mata hanya mafi sauƙi ba? Rufus, manhajar da ke shirya filas don loda Windows. Ka sa Windows 11 a filas da shi, ka danna a cire binciken TPM da na Secure Boot, wani sharaɗin tsaro na lokacin kunna kwamfuta, ka loda daga filas ɗin, an gama. Tawa zubi na 7 ce, shekara guda ke nan tana kan 11, kuma facin yana shigowa duk wata. Anti, minti arba'in ya ishe ki.

Injiniya Kabiru: Sadiq, ban musa maka ba, yana aiki, ni ma na yi wa wata tsohuwar kwamfutar gwaji. Amma ka faɗi rabin labarin. Microsoft ya rubuta a fili cewa na'urar da aka ɗora wa 11 ba tare da cika sharaɗi ba, ba a yi mata alkawarin sabuntawa ba. Yau yana zuwa, gobe ba wanda ya lamunce maka. Sannan babbar sabuntawar shekara-shekara sau da yawa ba ta zuwa da kanta a irin waɗannan, sai ka sake yi da hannu, kuma kowane zubi na gida wata 24 kawai ake kula da shi. Wanda bai lura ba zai wayi gari yana kan Windows 11 amma facin ya tsaya, yana zaton yana cikin aminci. A zubin 24H2 ma an ƙara wani sharaɗi da ya sa tsofaffin furosesa sosai ba sa tashi ko da an yi dabarar.

Kai kana bibiyar waɗannan abubuwa, in ta rikice za ka gyara da daddare. Hajiya kuwa sana'arta ce a ciki.

Sadiq: Na ji, amma dai ya fi zama a kan 10 babu faci ko kaɗan, ko ba haka ba?

Injiniya Kabiru: Wannan kam haka ne. In zaɓin ya rage tsakanin waɗannan biyun kawai, taka ta fi. Amma ba su kaɗai ba ne.

Nafisa: Ai shi nake jira a zo. Anti, kwamfutarki ba ta tsufa ba, Windows ce ta wuce ta. Ni shekara uku ke nan ina kan Linux Mint, manhajar da ake sawa a madadin Windows, a laftof da ta girmi taki. Kyauta ce, fuskarta ta yi kama da Windows sosai, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, komai inda kika saba. Zubi na 22 zai ci gaba da samun facin tsaro har 2029. Firefox na ciki, Chrome ma yana hawa, LibreOffice kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel. Abin da na fi so shi ne za ki iya gwada ta daga filas ba tare da kin taɓa komai na cikin kwamfutar ba. Ki kunna daga filas, ki duba ko wayfay da sauti da firinta suna aiki, in ba ta yi miki ba ki zare filas, Windows ɗinki na nan yadda kika bar ta.

Maman Ilham: Nafisa, lissafina duk a Excel yake, da ƙa'idojin lissafi da na daɗe ina ginawa. Ba za su lalace ba?

Nafisa: Ba zan yi miki alkawarin da ba zan iya cikawa ba, Anti. Tara da ɗebewa da yawancin ƙa'idoji suna aiki daidai. Inda ake samun tangarɗa shi ne fayil mai makro, wato umarnin da ake tsarawa ya riƙa yin aiki da kansa, ko takardar Word mai ado da yawa, wani lokaci layuka sukan goce. Shi kansa Microsoft Office ba ya hawa Linux kai tsaye, sai dai na cikin burauza. Ga dabara: LibreOffice yana hawa Windows ma. Ki sa shi yanzu a kan Windows ɗinki, ki buɗe kwafin fayilolinki da shi na mako biyu. Kwafi fa, ba na asali ba. In komai ya tafi daidai, kin san amsarki kafin ki motsa.

Alhaji Tanko: Ina karanta ku tun ɗazu. Ni abin da ke ci mini rai ba na Hajiya kaɗai ba ne. Wani kamfanin bincike mai suna Canalys ya yi hasashen kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce a 2022 kaɗai duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a sake sarrafawa yadda ya kamata ba. Na'ura tana aiki lafiya, a ce a ajiye ta saboda lamba ɗaya a jikin furosesa? Wannan almubazzaranci ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗaukar nauyin.

Injiniya Kabiru: Alhaji, rabin maganarka ina tare da kai. TPM yana da amfani na gaske, shi ke riƙe makullin da ke sa ɓarawo ya kasa karanta fayilolinka ko da ya cire faifan ya sa a wata kwamfutar. Kuma shekara goma ana kula da manhaja ɗaya ba kaɗan ba ne. Amma layin da aka ja tsakanin zubi na 7 da na 8, ni ma har yau bai gamsar da ni ba. Da ma an tsawaita rangwamen ga mutanen gida kamar yadda aka ba ma'aikatu damar saye har shekara uku.

Alhaji Tanko: To ka ga. Shi ya sa maganar yarinyar nan Nafisa ta fi kwanta mini. Allah ya yi miki albarka.

Hauwa'u: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ya same ni, don kada ya sami wani. Bara na kai tawa wurin wani mai gyara ya sauya mini Windows. Bai tambaye ni ko ina da kwafin kayana ba, ni ma ban san in tambaya ba. Ya goge faifan gabaɗaya. Hotunan mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, na shekara shida, duk suka tafi. Har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Bayan haka kuma ya sa mini wata manhajar sata da ke sa Windows ta zama kamar an biya. Wata biyu ba a yi ba aka shiga imel ɗina da Facebook, aka riƙa roƙon mutane kuɗi da sunana. Wanda ya duba mini daga baya ya ce a cikin waccan manhajar ɓarawon yake.

Maman Ilham, ko wace hanya za ki bi, ki fara kwashe kayanki tukuna. Kuma kada ki bari a sa miki abin sata.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya ji ƙan Mama, ya sa ta huta. Wallahi jikina ya yi sanyi, don ni ma ko kwafi ɗaya ba ni da shi.

Injiniya Kabiru: Amin. Hauwa'u ta faɗi abin da ya kamata in fara da shi. Hajiya, wannan ya riga ESU, ya riga Linux, ya riga komai. Masana suna cewa kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A aikace: na cikin laftof, ɗaya a faifan waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet irin Google Drive ko OneDrive. Da kin gama kwafa ki zare faifan wajen, don manhajar garkuwa da fayiloli tana kulle duk abin da ta tarar a jone. Sannan ki buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin ki gani da idonki suna buɗewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu kuma ga kowa: irin wannan lokaci 'yan damfara ke so. In wani shafi ya buɗe da ƙara yana cewa Windows ɗinka ta ƙare, ka kira wannan lamba, ƙarya ce. Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙon gargaɗi, ba ya kuma kiran mutum haka kawai ya ce zai gyara masa kwamfuta. Rajistar ESU a cikin Settings kaɗai ake yi, ba ta hanyar wani mahaɗi da aka turo a imel ko WhatsApp ba.

Sadiq: Ƙari kaɗan ga wanda zai koma 11, ko da sabuwar kwamfuta ce. Yanzu sau da yawa tana kulle faifan da kanta da BitLocker in ka shiga da asusun Microsoft. Akwai makullin ceto mai lamba 48 da ake ajiyewa a asusun. Ka shiga ka rubuta shi a takarda. In wata rana aka taɓa BIOS ta nemi wannan lamba ba ka da ita, ba mai iya buɗe maka.

Malam Habu: Injiniya, to ni fa? Firintata tsohuwa ce, da Windows 7 kaɗai take jituwa, shi ya sa na riƙe ta. Ba taurin kai ba ne zalla.

Injiniya Kabiru: Wannan dalili ne mai ƙarfi Malam, kuma akwai mafita. Ka raba ta da intanet gabaɗaya, ka kashe wayfay, ka zare waya. Ta zama injin buga takardu kawai. Banki da imel ka koma yi a wayarka, in dai ita tana samun sabuntawa. Ka ware filas ɗaya don ita, kada ya riƙa yawo a kwamfutocin mutane. Kalmomin sirrin da ka taɓa shigarwa a kanta kuma ka sauya su daga wayar, ka fara da na imel, tunda ta nan ake sake saita sauran.

Malam Habu: Wannan zan iya. Amma sayen sabuwa kam ba yanzu ba.

Maman Ilham: Na dawo. Na kwashe komai a faifan waje, na buɗe fayilolin lissafi guda biyar daga can, duk sun buɗe, na zare shi na ajiye. Rajistar ma ta yi, ta rubuta cewa wannan kwamfutar za ta ci gaba da samun facin tsaro. LibreOffice yana sauka yanzu. Nafisa, filas ɗin gwajin Linux ɗin, gig nawa ake buƙata? Kuma zai goge abin da ke cikinsa ne?

Nafisa: Gig 8 ya wadatar, Anti. E, zai goge komai na cikin filas ɗin, don haka ki samo wanda ba kya buƙatar kayansa. Ki sauke daga shafin Linux Mint na asali kawai. In kin gama makonni biyun da LibreOffice ki faɗa mini yadda fayilolin suka yi, sai mu bi matakan tare ɗaya bayan ɗaya.